Wa Ke Da Bakin Cewa "Nufin Allah Ne"?

Babu maganar da ke saurin fitowa daga bakin mai ta'aziyya kamar "nufin Allah ne". Ana faɗinta ga matar da mijinta ya rasu a hatsarin mota, ana faɗinta ga magidancin da matarsa ta cika a ɗakin haihuwa, ana kuma faɗinta ga ikilisiyar da aka ƙona mata majami'a cikin dare. Yawanci mai faɗin da zuciya ɗaya yake faɗi, domin ya rasa abin cewa, shiru kuma ya yi masa nauyi. Sai dai magana guda tana iya zama sanyi daga bakin wani, ta zama fami daga bakin wani. Gwauruwar da ta faɗe ta da kanta, bayan shekara goma da binne mijinta, shaida take bayarwa. Jami'in da ya cinye kuɗin gyaran hanyar da ta hallaka mijin, idan shi ya faɗe ta, kansa yake wankewa.

Koyarwar cewa Allah yana riƙe da dukan al'amura, yana kuma bi da su zuwa ga manufarsa ta hanyoyin da ɗan'adam ba ya ganewa, tana cikin ginshiƙan bangaskiyar Kirista, kuma wanda ya cire ta ya rushe rabin addinin. Abin da ke buƙatar gyara shi ne yadda ake aiki da ita. An mai da ita bayanin dalilin wahalar wasu, an mai da ita hujjar sakaci, an kuma mai da ita alkawarin cewa kowane labari zai ƙare da daɗi tun a nan duniya. Littafi Mai Tsarki da tarihin ikilisiya ba su goyi bayan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Abin da koyarwar ta ƙunsa

Masana tauhidin Kirista suna kiran wannan koyarwa tanadin Allah. Ma'anarta ita ce Mahalicci bai gama halitta ya juya mata baya ba: yana kiyaye wanzuwarta, yana mulkinta, yana kuma tafiyar da ita zuwa ƙarshen da ya shirya. Katikisim ɗin Heidelberg, wanda aka wallafa a Jamus a 1563, ya ware tambaya ta 27 da ta 28 ga wannan batu. Ya koyar cewa damina da fari, lafiya da ciwo, samu da rashi, ba sa zuwa ta hanyar sa'a, daga hannun Uba suke fitowa, kuma amfanin sanin haka shi ne haƙuri a lokacin tsanani, godiya a lokacin yalwa, da natsuwa game da abin da ke gaba. Kalmar da ta ɗauki nauyin wannan amsa ita ce Uba. Ita ce ta raba tanadi da makauniyar ƙaddara irin ta tsoffin masu falsafa, wadda ba ta san kowa ba, ba ta kuma jin kukan kowa.

Shaidar bangaskiya ta Westminster, wadda aka kammala a Ingila a 1646, ta ƙara abu biyu a babinta na biyar. Na farko, Allah shi ne sanadi na asali, amma ya tsara al'amura su gudana ta hannun sanadai na biyu, wato ruwan sama, ƙwayar cuta, shawarar likita, hukuncin alƙali da zaɓin kowane mutum. Na biyu, zunubi daga abin halitta yake fitowa, Allah ba shi ne mawallafinsa ba, ba ya kuma amincewa da shi. Katikisim ɗin Cocin Katolika na 1992, daga sakin layi na 302 zuwa na 314, ya bi hanya makamanciyar wannan: Allah ya ba bayinsa darajar yin aiki da kansu, hanyoyin tanadinsa kuwa sau da yawa a ɓoye suke ga mutane, ba kuma za a san su sarai ba sai a ƙarshe.

Duk da saɓanin da ke tsakanin waɗannan ɗariƙu, sun haɗu a kan cewa mulkin Allah ba ya ɗauke wa mutum alhakin abin da ya aikata. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga mai karatu Musulmi, domin malaman Musulunci ma sun daɗe suna raba tawakkali da sakaci. Abin da ya keɓanta ga Kirista shi ne wurin da yake kafa dogararsa, za a kuma zo kansa a gaba.

Lissafin shekarun Yusufu

Labarin da masu wa'azi suka fi jawowa a wannan batu shi ne na Yusufu, musamman maganarsa a sura ta 50 ta Littafin Farawa, inda ya shaida wa 'yan'uwansa cewa muguntar da suka ƙulla masa Allah ya juya ta ta zama ceton rayuka masu yawa. Ana karanta ayar cikin daƙiƙa biyar, amma lissafin shekarun da ke bayanta yana canza yadda ake jinta. Yusufu yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi. Yana da shekara 30 ya tsaya a gaban Fir'auna, wato ya shafe shekara 13 tsakanin bauta da kurkuku. Shekara bakwai na ƙoshi suka wuce, biyu na yunwa suka bi baya, kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa a sura ta 45, shekara 22 ke nan da jefa shi a rijiya. Mahaifinsu Yakubu ya ƙara shekara 17 a Masar kafin ya rasu, bayan jana'izarsa ne kuma Yusufu ya yi waccan magana. Kusan shekara 39 ke tsakanin laifin da fassararsa ta ƙarshe.

A tsawon wannan lokaci Yusufu bai yi kamar abin bai dame shi ba. 'Yan'uwansa da kansu sun tuna yadda ya yi ta roƙonsu ranar da suka kama shi, suka toshe kunne. A kurkuku ya gaya wa mai shayar da Fir'auna cewa sato shi aka yi daga ƙasar Ibraniyawa, bai kuma yi laifin da ya cancanci ɗauri ba, ya roƙe shi ya ambace shi a fada. Mutumin ya manta da shi har shekara biyu. Da ya sami iko ma, bai rungumi 'yan'uwansa nan take ba, sai da ya gwada su a kan Biliyaminu, ya ga ko halinsu ya sake. Ko a cikin sananniyar maganar tasa, bai rage sunan abin da suka yi ba: mugunta ya kira ta.

Muhimmin abu shi ne daga bakin wa maganar ta fito. Wanda aka zalunta ne ya faɗe ta, bayan ya ga ƙarshen al'amarin da idonsa. Da a ce Yahuza ne ya leƙa bakin rijiyar ya ce wa ƙanensa ya yi haƙuri, Allah zai juya wannan ya zama alheri, da maganarsa ta zo daidai da abin da ya faru daga baya, amma da ta zama saɓo a bakinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ganin hannun Allah a cikin wata masifa hakki ne na wanda masifar ta faɗa wa, kuma yakan zo a makare, idan ma ya zo.

Abokan Ayuba da girgizar Lisbon

Kuskure na farko, wato mai da tanadi bayanin wahalar wani, yana da littafi guda a Tsohon Alkawari da aka rubuta domin rushe shi. Ayuba ya rasa dukiyarsa da 'ya'yansa goma da lafiyarsa. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, wannan kuwa shi ne mafi kyawun abin da suka yi a littafin. Da suka buɗe baki, sai suka shiga kare adalcin Allah da lissafi mai sauƙi: Allah ba ya zalunci, Ayuba yana shan azaba, saboda haka akwai laifin da ya ɓoye. Ayuba ya ƙi yarda, ya yi gardama, ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi Allah ya fito su yi shari'a. Da Ubangiji ya amsa daga cikin guguwa, daga sura ta 38 zuwa ta 41, bai gaya masa dalilin komai ba. Mai karatu ya san abin da ya gudana a sama a surori biyu na farko, Ayuba kuwa ba a taɓa sanar da shi ba. A sura ta 42 hukunci ya fito: fushin Allah ya sauka a kan abokan da suka kare shi, ya kuma shaidi Ayuba mai gunaguni da cewa shi ne ya faɗi daidai game da shi.

Yesu ya bi wannan sawu. A Luka sura ta 13 an kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo ta danne, ya musanta cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. A Yohanna sura ta 9 almajiransa sun nemi sanin ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, ya ƙi duka zaɓin da suka ba shi, ya juya ya warkar da mutumin.

Duk da haka jarabar ba ta mutu ba. Ranar 1 ga Nuwamba, 1755, ranar Idin Dukan Tsarkaka, girgizar ƙasa ta afka wa Lisbon, babban birnin Fotugal, da safe lokacin da majami'u ke cike. Ambaliyar teku da gobara suka biyo baya, dubun dubatar mutane suka mutu. Nan da nan masu fassara suka tashi. Wani firist mai suna Gabriel Malagrida ya wallafa cewa horo ne saboda zunuban birnin, wasu Furotesta a Ingila kuma suka ce sakayya ce a kan kotun binciken bidi'a ta Katolika. Kowane ɓangare ya hango fushin Allah a kan abokin hamayyarsa. A ɗaya gefen, Voltaire ya ɗauki bala'in ya yi wa falsafar Leibniz ba'a a littafinsa Candide na 1759, falsafar da ke cewa wannan duniya ita ce mafi kyau da za a iya halitta. Voltaire ya yi gaskiya a abu ɗaya: bayanin da ya daidaita komai har bai bar wa kuka gurbi ba, cin fuska ne ga matattu. Amma abin da ya kai wa hari ba shi ne koyarwar Littafin Ayuba ba. Lissafin Elifaz ne, wanda littafin da kansa ya riga ya ƙaryata.

Tun a ƙarni na biyar Agustin, bishop na Hippo, a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya fuskanci irin wannan tambaya bayan da Alarik ya washe Roma a shekara ta 410. A farkon littafinsa Birnin Allah ya lura cewa alheri da masifar duniya suna samun nagari da mugu bai ɗaya, don haka ba a iya karanta matsayin mutum a wurin Allah daga abin da ya same shi. Duk mai wa'azin da ya ce ya san dalilin da ya sa wata mata ba ta haihuwa, ko dalilin da ya sa 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye suka tsallake wani, yana da'awar sanin abin da aka ɓoye wa Ayuba.

Agana a Boston

Kuskure na biyu ya fi na farko kisa, domin shi ne ke hana ɗaukar mataki. A 1721 cutar agana ta ɓarke a Boston, a yankin da ya zama Amurka daga baya. Wani fasto mai suna Cotton Mather ya riga ya ji daga bakin bawansa Onesimus, wanda aka kamo daga Afirka, cewa a ƙasarsu ana tsaga fatar mai lafiya a shafa masa ruwan ƙurjin majinyaci, ya yi ɗan ciwo mai sauƙi, ya tsira daga babba. Mather ya roƙi likitocin garin su gwada, mutum ɗaya kawai ya amsa, Zabdiel Boylston. Gari ya ɗauki zafi. Wasu sun yi suka ta fuskar likitanci, wasu kuwa suka ce wannan shisshigi ne cikin ikon Allah, wanda shi kaɗai ke sa ciwo, shi ke ɗaukewa. Har wani ya jefa gurneti ta tagar gidan Mather. Da annobar ta lafa aka yi lissafi: kusan mutum 6,000 suka kamu ta hanyar da aka saba, 844 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin bakwai. Cikin kusan mutum 250 da Boylston ya yi wa rigakafin, shida ne suka mutu.

Waɗanda suka yi adawa da sunan tanadin Allah sun manta da abin da ɗariƙarsu ta koyar game da sanadai na biyu. John Calvin, wanda ba a taɓa zarginsa da rage ikon Allah ba, ya rubuta a babban littafinsa na tauhidi cewa wanda ya sanya wa rai iyaka shi ne kuma ya ɗora wa mutum kula da ran, ya ba shi hankalin hango haɗari da hanyoyin kauce masa. Nassi ma haka ya nuna. Da maƙiya suka yi barazana ga masu gina garun Urushalima, Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa 'yan gadi dare da rana. A Ayyukan Manzanni sura ta 27, an tabbatar wa Bulus cewa ba wanda zai mutu a jirgin ruwan da hadari ya kama, amma da ma'aikatan jirgin suka yi shirin sulalewa, shi ne ya gargaɗi jarumin soja cewa in suka tafi, sauran ba za su tsira ba. Alkawarin bai sa ya naɗe hannu ba.

Ɗaukar mataki kuwa ba lamuni ba ne. Jonathan Edwards, babban masanin tauhidi na wancan yanki, ya karɓi irin wannan rigakafi a 1758, jim kaɗan bayan ya zama shugaban kwalejin da ake kira Princeton yau, ciwon ya tsananta masa, ya rasu a watan Maris na shekarar. Ya yi abin da hankali ya nuna, sakamakon bai zo yadda ake so ba. A irin wannan wuri ne maganar nufin Allah take da mazauni, wato bayan an yi iyakar abin da za a iya yi.

Inda aka tsallake wannan sharaɗi, maganar takan zama mafakar masu laifi. Mai naƙudar da jini ya ƙare mata domin asibiti ba shi da ajiyar jini, ko domin babu wanda ke bakin aiki a daren, ba asirin Allah ne ya kashe ta ba, akwai mutanen da za a iya kira da sunansu. Haka ginin da ya rufta saboda an rage siminti, da garin da aka yi ta kai rahoton za a kai masa hari ba a tura kowa ba. Iyalan mamatan suna da ikon miƙa baƙin cikinsu ga Allah. Shugaban asibitin da ɗan kwangilar da kwamandan ba su da ikon aron wannan miƙawa su rufe bincike da ita. Ikilisiyar da ke koya wa mabiyanta haƙuri kawai, ba ta koya musu tambayar masu alhaki ba, ta watsar da rabin annabawanta, domin Amos da Mika da Irmiya sun gaskata da mulkin Allah, kuma saboda wannan ne suka tsaya a gaban sarakuna da attajirai suna tuhumarsu.

Suka mafi ƙarfi

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurare shi da kyau. Mai shakka yakan ce wannan koyarwa ba ta taɓa faɗuwa, domin an gina ta yadda babu abin da zai ƙaryata ta: in alheri ya zo a ce tanadin Allah ne, in sharri ya zo a ce hanyoyinsa a ɓoye suke. Yadda ake ba da shaida a majami'u da yawa yana ƙara wa wannan suka ƙarfi. Wanda ya fita da rai daga motar da ta kife yakan tsaya a gaban jama'a ranar Lahadi ya yi godiya, kuma daidai ne ya yi. Amma a wani gari akwai iyalan waɗanda suka mutu a motar, ba wanda ke miƙa musu makirufo. In tsira ita ce alamar ƙaunar Allah, me za a ce da su?

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, sannan ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Manzanni biyu ne a hannun sarki ɗaya cikin sura ɗaya, marubucin kuma bai ba da dalilin bambancin ba. Ibraniyawa sura ta 11 ta jera waɗanda suka rufe bakin zakoki ta wurin bangaskiya, nan take ta bi da waɗanda aka jajjefe, aka kuma tsaga da zarto, duk ta yaba musu bai ɗaya. Ayar nan ta Romawa sura ta 8 da ake yawan mannawa a jikin motoci, mai cewa komai yana aiki tare domin amfanin masu ƙaunar Allah, 'yan ayoyi kaɗan ne tsakaninta da jerin yunwa, tsiraici, haɗari da takobi, waɗanda Bulus ya ɗauka masu bi za su gamu da su.

Tarihin bishara a Arewacin Najeriya ma yana da irin wannan fuska biyu. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga can cikin ƙasa. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, daga baya kuma Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 ƙungiyarsu ta SIM ta kafa tasha a Patigi, daga wannan aiki kuma ECWA ta fito a 1954. Mai duban baya yana iya ganin zaren da ya haɗa waɗannan shekaru. Gowans da Kent ba su ga komai daga ciki ba, kuma akwai kaburbura da yawa a tarihi waɗanda babu wata ikilisiya da ta tsiro a kansu.

Amsar Kirista ga mai shakka ita ce ya yi gaskiya cewa ba a iya tabbatar da tanadi ta hanyar ƙirga sakamako, domin ba a kan sakamako aka kafa shi ba. An kafa shi ne a kan abu guda da ya faru a tarihi, wato gicciye. A Getsamani Yesu ya roƙi Uba ya ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba. Shari'ar zalunci aka yi masa, gwamna matsoraci ya sa hannu, abokansa suka gudu. Bitrus, a wa'azinsa na ranar Fentikos, ya riƙe gefe biyun a jimla ɗaya: bisa ƙayyadadden shirin Allah aka ba da Yesu, waɗanda suka kashe shi kuma masu laifi ne. Kirista yana dogara ga Allah a cikin duhu domin ya gaskata cewa Allahn nan ya shiga duhun da kansa cikin Almasihu, ya kuma fito daga kabari. Wanda bai karɓi tashin Almasihu ba ba shi da dalilin karɓar sauran, Bulus ma ya yarda da haka a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa. Wannan bangaskiya ce, kuma ya fi kyau a kira ta da sunanta maimakon a sayar da ita a matsayin lissafin riba.

An ga yadda take kama a aikace a Janairu 2020, lokacin da Boko Haram ta sace Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban CAN na ƙaramar hukumar Michika a jihar Adamawa. A bidiyon da aka fitar yana tsare, ya roƙi shugabannin ikilisiyarsa da gwamnan jihar su nemi hanyar sakinsa. Ya kuma ce bai karaya ba, domin komai yana hannun Allah, ya roƙi a kula masa da iyali in bai dawo ba. An kashe shi ranar 20 ga watan. Ya nemi ceto ta hannun mutane, ya kuma miƙa kansa ga Allah, bai ga saɓani tsakanin biyun ba. Shi ne mai bakin faɗin waccan magana. Waɗanda suka kashe shi da waɗanda suka gaza kare garinsa ba su da rabo a cikinta.

Abin da ya rage wa masu bi

Waƙar sujada mafi shahara a harshen Turanci a kan ɓoyayyun hanyoyin Allah, William Cowper ne ya rubuta ta wajejen 1773, ta kuma shiga kundin waƙoƙin Olney da ya wallafa tare da John Newton a 1779. Masu rera ta kaɗan ne suka san abin da ya biyo baya. A farkon 1773 ciwon damuwa mai tsanani, wanda ya taɓa kai shi gidan jinya shekara goma kafin nan, ya sake kama Cowper. Ya tabbatar wa kansa cewa Allah ya yashe shi har abada, ya daina zuwa sujada, bai kuma rabu da wannan tunani ba har ya rasu a 1800. Mutumin da ya ƙarfafa miliyoyi su dogara ga Allah a cikin hadari bai ga hadarinsa ya washe ba.

Abin da Newton ya yi shi ne darasin. Bai ce wa abokinsa akwai zunubin da ya ɓoye ba, bai kuma yanke cewa ƙarancin bangaskiya ne ya jawo masa ciwon ba. Ya karɓe shi a gidansa na fasto a Olney, Cowper ya zauna a can fiye da shekara guda, Newton da matarsa da Mary Unwin suna kula da shi dare da rana. Bayan Newton ya koma Landan, wasiƙu suka ci gaba tsakaninsu shekara da shekaru, da Cowper ya rasu kuma Newton ya yi wa'azin tunawa da shi.

Ikilisiyar da ta ɗauki wannan koyarwa da gaske za ta mai da makoki cikin sujadarta, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 kuka ne da ƙorafi, Zabura ta 88 ma ta ƙare ba tare da ko ɗigon haske ba. Za ta koya wa masu ta'aziyya darajar shirun kwana bakwai. Za ta ba da gurbi ga shaidar wanda bai warke ba amma bai saki bangaskiya ba. Za ta kuma tuna cewa idan Allah yana aiki ta hannun sanadai na biyu, to masu bi suna cikin sanadan nan. Likitan da ya tsaya a bakin aikinsa, injiniyan da ya ƙi rage ƙarfe, lauyan da ya ɗauki ƙarar gwauruwa ba tare da kuɗi ba, da zumuntar matan da ke biya wa marayu kuɗin makaranta, ta hannunsu ne tanadin yake isa ga mutane a mafi yawan lokuta. Yunwar Masar ma da rumbuna aka tare ta, bayan Yusufu ya shafe shekara bakwai yana tara kashi ɗaya cikin biyar na hatsin ƙasar.